Gidan Obrad Mai Numfashi

Shekara goma sha ɗaya Obrad ya yi a birnin Vienna, can ƙasar waje, kuma tun da ya dawo ƙauyenmu babu ɗakin da ya tsira daga bakinsa. Ya ga labulen wani ya ce na zamanin kakanni ne. Ya ga kabad ɗin wani ya tambaya ko gawa ake ajiyewa a ciki. Shi dai a faɗarsa mai tsara ɗakuna ne, kuma rabin manyan Vienna a kan gadon da ya zaɓa musu suke kwana. Direban bas ɗin da ke zuwa can duk mako ya ce shi kam a bayan wani shagon kayan ɗaki yake ganinsa, da safar hannu, yana loda katifu a mota. Da aka kai wa Obrad maganar ko a jikinsa. Ya ce ai babban likita ma yakan ɗaga majinyaci da hannunsa.

Da abin ya tsaya a surutu da da sauƙi. Sai mahaifinsa, tsoho Milutin, ya kira shi tare da ƙanensa Stanoje, wani shiru-shiru mai kiwon zuma. Maganar slava ce, bikin waliyyin gidansu. Nasu waliyyin Jorje ne, ranarsa shida ga Mayu, kuma shekara hamsin da ɗaya ke nan Milutin ne ke karɓar baƙin wannan rana.

"Ƙafafuna sun gaji," in ji tsohon. "Bana a gidanka za a yi, Obrad, tunda kai ne babba. In ranar ta wuce lafiya, hoton waliyyi da mazaunin kyandir na kakanku sun zama naka, kai da 'ya'yanka. In ba ta wuce lafiya ba, ga Stanoje nan."

Obrad ya gyara zama. Gaskiya yana son abin nan. Duk sanyin da ya sha a ƙasar mutane, hoton nan yake gani in ya rufe ido: mahayin farin doki yana soke dodo da mashi, gefensa ya yi baƙi da hayaƙin kyandir na shekara ɗari. Amma Obrad ba ya iya riƙe irin wannan abu a zuciya ya yi shiru, sai ya fito ta baki ya zama cika-baki.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Waliyyi Jorje bai taɓa shiga irin gidan da zai shiga bana ba."

"Abin da nake tsoro ke nan, Yaya," in ji Stanoje.

Washegari matar Obrad, Dobrila, ta dawo daga kasuwa ta tarar da ƙofar ɗakin girki jingine a tsakar gida. Kusa da ita ƙofar falo. Kusa da wannan ta ɗakin kwana. Maigidan kuwa yana durƙushe gaban ta banɗaki da sukudireba a hannu.

"Obrad, ɓarayi ne suka shigo, ko kai ne?"

"Gida yana buƙatar numfashi, Dobrila."

"Shekara ashirin da shida ina cikinsa, ban taɓa jin ya yi tari ba."

"Ke ba za ki gane ba. A can ba a yin ƙofa a cikin gida. Fili ake so, da haske. Ido ya tashi daga wannan bango ya tafi har wancan, babu abin da ya tare shi."

"To wannan da kake cirewa yanzu, idon wa kake so ya tafi can?"

Obrad ya dubi ƙofar banɗakin, ya yi ɗan tunani, ya mayar da ƙusoshi biyun da ya kwance. Wannan ce kaɗai nasarar da Dobrila ta samu a cikin wata biyun da suka rage kafin slava.

Kafin mako ya ƙare dardumai sun koma rumbu. Kujerun falo masu laushi sun bi su. Ƙananan saƙe-saƙen farin zaren da Dobrila ta shimfiɗa a kan talabijin da firji da hannun kowace kujera, ya tattara su a buhu yana kauda kai kamar mai kwashe mushe. Daga nan ya ɗauki guduma. Ya rushe bangon da ya raba falo da ɗakin kwana. Ya fasa bangon falo na wajen lambu ya sa wata ƙatuwar ƙofar gilashi da ake turawa gefe. Ya koma ɗakin kwana ya fasa na wajen titi ya sa irinta. Yanzu in ka tsaya a titi kana iya ƙirga kajin da ke bayan gidan.

To, mu nan akwai abin da ba ma wasa da shi. Mutumin ƙauyenmu zai shiga tsakanin bijimai biyu masu faɗa, amma ba zai zauna tsakanin buɗaɗɗiyar ƙofa da buɗaɗɗiyar taga ba. Promaya ke nan, iskar da ke shigowa ta nan ta fice ta can, ta bi ta kanka a hanya. Ita ta karkatar da bakin wanzaminmu. Ita ta toshe wa mai gidan waya kunne ɗaya. Kuma kowa ya san ita ta kashe tsohon mai kaɗa ƙararrawar coci, duk da likita ya nace wai shekara casa'in da huɗu ce ta kashe shi. Abin da Obrad ya gina ba gida ba ne, hanya ce ya share wa promaya, har da wurin hutawa.

Maƙwabciyarsu Zagorka, wadda ta yi shekara talatin tana rayuwa da haɓarta a kan shingen da ya raba gidajen, ita ta fara faɗa masa.

"Maƙwabci, ka gaji da Dobrila ne? Ai da ka sake ta kawai, ya fi mutunci."

"Babu wani abu wai shi promaya, Zagorka. A Vienna yara a gaban taga suke barci."

"Shi ya sa duk ba sa dariya. Fuskar ce ta sandare."

"Jahilci ne ke damunku."

"Mu dai da jahilcinmu muna juya wuya hagu da dama. Zan tambaye ka ranar bakwai ga Mayu."

Obrad ya yi biris da ita ya koma kan lambu. Ya ce ba za a jera masa kujerun roba irin na kowa ba. Kujeru zai yi na kankare, guda goma sha biyu, masu kusurwa, launin toka, irin waɗanda ya ce ya gani a gidan wani jakada. Ya haɗa akwatunan katako ya jera su ƙarƙashin bishiyar tuffa, ya kwaɓa siminti da kansa ya zuba. Bai auna inda teburi zai tsaya ba, don a cewarsa mai ido ba ya buƙatar awo. Bai kuma tuna cewa abin da aka zuba a ƙasa a nan zai mutu ba.

Da hantsi Zagorka ta leƙo.

"Kaburbura ne? Wa da wa suka rasu?"

"Kujeru ne."

"Na zama? Mutum ya ɗora jikinsa a kan siminti? Ƙoda fa? Mafitsara fa? Jikata ko haihuwar fari ba ta yi ba, na rantse ba za ta kusanci abin nan ba."

"Ke matsalarki ba ki taɓa ganin kaya ba. Duba nan ki ga yadda ake zaman manya."

Ya ja wando, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tun kafin ya kai, ya zauna a kan ta farko. Ya ci gaba da sauka. A hankali, cikin natsuwa, kamar cokali a cikin kunu. Siminti bai bushe ba.

Zagorka ta riƙe shinge da hannu biyu don kada dariya ta kayar da ita. Obrad ya miƙe da wata ƙara mai kama da ta cire ƙafa daga taɓo. Ya juya ya ga abin da ya bari: rami biyu, a jere, cif da cif, har da shatin aljihun baya da maɓallinsa.

Da wani ne, da ya ɗauko cokalin gini ya shafe. Obrad kuwa ya ga ana kallonsa, kuma shi a duniya bai taɓa yin kuskure a gaban shaida ba.

"Yauwa," ya ce, yana gyaɗa kai. "Ya fita daidai. Haka ake yi. Kujerar zamani sai an ba ta siffar jikin ɗan Adam."

"Wane ɗan Adam?"

"Kowa."

"To saura goma sha ɗaya."

Babu yadda zai yi. A gaban idonta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zama, yana nutsewa, yana miƙewa. Kafin ya kai ta bakwai Zagorka ta kira matan layin, kafin ta goma an kawo wa tsofaffi abin zama suna ƙirga masa da ƙarfi. Da ya gama aka tafa. Wandon kuwa da yamma Dobrila ta same shi tsaye shi kaɗai a bayan gida, ba igiya ba maƙali.

Saura gado. Obrad ya ce gado mai ƙafa ya zama tsohon yayi. Ya yanke wa gadon aurensu ƙafafu huɗu, ya huda silin, ya ɗaura ƙugiyoyi a jikin katakon rufi, ya rataye shi da sarƙa huɗu. Gadon ya tsaya a iska yana lilo.

Da safe Dobrila ta sauko fuskarta kore shar, tana laluben bangon da za ta dafa, babu bango.

"In ka juya, in tafi wajen titi," ta ce. "In ka yi minshari, in dawo wajen lambu. Ni aure na yi ko aikin jirgin ruwa?"

"Jiki ne bai saba ba. Gadon nan an gwada irinsa da mutum ashirin."

"Wa ya gwada?"

"Masana."

"A ina?"

"Ki kawo kofi, Dobrila."

Ranar slava ta zo da rana mai kyau. Tun da sassafe Milutin ya iso, hoton waliyyi naɗe a farin tawul a ƙirjinsa, Stanoje na biye da mazaunin kyandir na tagulla. Tsohon ya tsaya a tsakiyar falo ya juya sau ɗaya. Farin bango, farin daɓe, teburi ɗaya siriri, kujera ɗaya mai ƙafa uku.

"Yaushe za a kawo kayan?" ya tambaya.

"Su ke nan, Baba."

"To. Ina bangon gabas?"

A nan ne Obrad ya gane abin da ya yi. Hoton waliyyi a bangon gabas yake zama, wannan ko yaro ya sani. Bangon gabas ɗin kuwa shi ne ya fasa ya mayar ƙofar gilashi. Amma bakinsa ya riga hankalinsa, kamar kullum.

"Na tanada, Baba." Ya ruga ya ɗauko wata ƙugiyar roba mai manne wa gilashi, wadda a da tawul ake rataya mata a banɗaki. Ya tofa mata yawu a ɓoye, ya danna ta a tsakiyar ƙofar, ya rataye hoton. "Ka gani? Haske ta baya. Kamar yana shawagi."

Milutin ya dubi waliyyin, waliyyin ya dube shi. Tsohon ya miƙa wa Obrad ashana.

Obrad ya kunna kyandirin. Daga wannan lokaci shi ne mai gida. Mai gida ba ya zama ranar slava. Muddin kyandir na ci, a tsaye yake yana hidimar baƙi, kuma kyandirin ba ya mutuwa sai da yamma shi da kansa ya ɗiga masa ruwan inabi. Tun yana yaro yake kallon mahaifinsa a tsaye haka. Ya gyara kwala, ya ɗauki tiren dafaffiyar alkama mai zaƙi da ake tarbar baƙi da ita, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙirji a gaba.

Baƙi suka fara zuwa, kuma a nan ya ga aikin Zagorka. Ana farkon Mayu, tsuntsaye na kuka, rana na dukan ƙeya, amma kowa ya zo cikin rigar hunturu. Maza da huluna har kunne. Mata da gyale biyu-biyu. Wanzami ya cusa auduga a kunnuwa, ya naɗe karkataccen bakinsa da mayafi, ya ce ba zai bari a karkatar masa da ɗaya gefen ba.

"Barka da slava, mai gida!"

"Na gode, ku wuce lambu, ku zauna, ku zauna!"

Suka wuce lambu. Suka ga kujeru. Suka tsaya.

Teburin abinci yana can, cike da naɗin kabeji da cuku da gasasshen barkono. Kujeru suna nan, taku uku daga teburin, kowace da ramukanta biyu tana jira. Mutum arba'in suka kewaye su, hannu a baya, kamar masu ziyarar maƙabarta.

"Ku zauna mana!"

"Mun gode, mai gida, a mota muka zauna."

"Kai da ka zo a ƙafa?"

"To a gida na zauna."

Sai ga Fada Arsenije, limamin cocinmu, mutum mai faɗin ƙofar rumbu kuma mai kunya. Ya ga mai gida na neman kuka, ya ce bari ya fitar da shi. Ya tattara rigarsa, ya shimfiɗa hankici, ya sauka a kan kujera ta uku. Ya gyara hagu. Ya gyara dama. Ya ɗan ɗaga, ya sake gwadawa ta wata fuska. Can ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "wannan kujerar tana da mai ita."

Aka fashe da dariya har kajin bayan gida suka watse. Milutin ya dubi jama'a, kowa tsaye da faranti a hannu, ya ce, "Shekarata tamanin da uku, yau na fara ganin slava mai masu gida arba'in."

Obrad na cikin bayanin cewa a ƙasashen da suka ci gaba a tsaye ake cin abinci, sai hadari ya taso daga bayan tudu, irin na Mayu da ba ya sallama. Ruwa ya sauko. Jama'a suka ɗauki teburi da abin da ke kansa suka afka falo, aka ja ƙofar gilashi aka rufe. Stanoje kaɗai aka bari a waje, ƙarƙashin rumfa, yana juya ɗan ragon da ake gasawa.

A ciki kujera ɗaya ce, mai ƙafa uku, kuma babu wanda ya yarda da ita. Tsofaffin mata suka hango gado. Zagorka ta taɓa shi da yatsa, ya tafi ya dawo. Ta ɗora gwiwa. Ta hau. Wata ta bi ta, wata ta bi wannan, har suka zama bakwai a jere, ƙafafunsu na reto.

"Ke, tura mu kaɗan," in ji Zagorka ga wata budurwa.

Aka tura. Gadon ya tafi wajen titi ya dawo wajen falo. Wata tsohuwa da tun rasuwar mijinta ba a ga haƙoranta ba ta saki ƙara, "Wayyo! Ƙara!" Aka ƙara. Tsofaffi bakwai cikin baƙaƙen kaya suna lilo suna shewa kamar 'yan mata, gyale na tashi, takalmi ɗaya ya yi sama.

Obrad baki har kunne. "Kun gani? Baba, ka gani? Zagorka, me kika ce?"

"Na ce a ƙara turawa!"

Fada Arsenije ya yi gyaran murya, aka natsu. Ya kunna turare, ya ajiye burodin slava kusa da kyandir, ya fuskanci hoton waliyyi ya fara addu'a. Mutum arba'in cikin rigunan hunturu, ƙofofi a rufe, hayaƙin turare, tururin kabeji. Gilashi ya yi gumi. Wanzami ya fara layi. Obrad ya duba ya ga dama ta samu da zai nuna musu abin da ya yi wata biyu yana faɗa. Ya zagaya a hankali ta bayan gado, ya tura ƙofar gilashin wajen titi, ya buɗe ta gaba ɗaya.

"Yanzu za ku ji gida yana numfashi," ya raɗa wa wanzami, wanda bai ji ba saboda auduga.

Daidai lokacin Stanoje ya iso ta wajen lambu, ɗauke da ɗan rago a kan tire, ruwa na dukansa. Hannuwansa a cike, sai ya sa ƙafa ya tura ƙofar gabas.

Waliyyi Jorje ya tafi. Da dokinsa da mashinsa da dodonsa, ya zarce hagu a guje. Fada Arsenije, da yake bai saba yanke addu'a ba, ya juya ya bi shi yana ci gaba da karatu. Stanoje ya ga abin da ya yi, ya sa ƙafa ya jawo ƙofar, waliyyi ya dawo dama, Fada ya dawo da shi. Tire ya tokare, ƙofar ta sake buɗewa, waliyyi ya sake tafiya.

Sai iskar ta shigo. Ta taho daga lambu da sanyin ruwa, ta ratsa falo, ta ɗaga gemun Fada, ta kwashe takardun goge baki, ta wuce ta kan gado ta fice titi. A hanyarta ta bi ta kan kyandir. Wutar ta kwanta, ta ɗan yi ƙoƙari, ta mutu.

"Promaya!" Zagorka ce ta fara ihu.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya iya ba da labarinsa daidai. Kowa ya dafe wuya. Kowa ya nemi inda zai ɓuya, a gidan da babu ƙofa, babu labule, babu lungu. Abu ɗaya ne mai bargo. Maza da mata suka yi kan gado. Wanzami ya yi tsalle ya faɗa tsakanin tsofaffi, mai gidan waya ya bi shi, wasu suka shige ƙarƙashin bargo da takalmansu. Gadon ya yi baya da nauyinsu, ya dawo ya kwashe mutum uku da ke tsaye ya tafi da su.

"An gwada shi da mutum ashirin!" Obrad ke ihu. "Kada ku ji tsoro! An gwada..."

Ashe su ashirin da ɗaya ne. Katakon rufi ya yi wani kuka. Ƙugiya ta farko ta fita, ta biyu ta bi ta, gadon ya karkata ya zubar da jama'a a daɓe kamar dankali daga buhu. Silin ya buɗe. Duk abin da Dobrila ta adana a sama don hunturu ya sauko: buhu biyu na farin wake, igiyoyin albasa, busasshen barkono, da wata tsohuwar kyanwa da ta faɗo a kan hular wanzami ta ƙi sauka. Wake ya bazu a kan sumul ɗin daɓen nan. Wanda ya miƙe ya zame. Wanda ya kama shi ya bi shi. Fada Arsenije ya tafi daga falo har ɗakin girki a zaune, bai saki kaskon turare ba, kuma babu ƙofar da ta tare shi.

Stanoje na tsaye a bakin ƙofa, ɗan rago a saman kansa, shi kaɗai bai faɗi ba. A kusa da kunnensa aka ji wani ɗan sauti, ɓus. Ƙugiyar roba ta saki.

Tsoho Milutin, mai ƙafafun da suka gaji, ya yi wani taku uku a kan wake da ko ɗan shekara ashirin ba zai yi ba, ya tare hoton da hannu biyu kafin ya kai ƙasa.

Aka yi tsit. Sai ƙarar ruwa da ta wake da ke ci gaba da gangarowa ɗaya-ɗaya. Obrad ya miƙe, igiyar albasa a wuyansa, garin silin a gira. Ya buɗe baki.

"A gaskiya, a Vienna..."

"Ka ƙarasa," in ji Dobrila daga ƙarƙashin wata tsohuwa. "Don Allah ka ƙarasa, ina jinka."

Bai ƙarasa ba.

Milutin ya goge fuskar waliyyin da hannun rigarsa, ya naɗe shi a tawul. Ya dubi mataccen kyandirin ya daɗe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da Obrad ya fi so.

"Stanoje, ba wa wani ragon nan. Riƙe wannan."

Haka aka fita cikin yayyafi zuwa gidan Stanoje, a jere: Stanoje da hoto a gaba, Fada da burodi, mai gidan waya da rago, tsofaffi bakwai a baya suna ɗingishi suna ƙyalƙyala dariya, Zagorka na cewa ita dai a gyara mata gadon nan ta saya. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna tambaya ko coci ce ta yi ƙaura. Obrad ne na ƙarshe.

Gidan Stanoje ƙarami ne, silin ƙasa-ƙasa, darduma kan darduma, kowane ɗaki da ƙofarsa kuma kowace a rufe. Aka buga ƙusa a bangon gabas, bango na gaske, aka rataye hoton. Stanoje ya kunna kyandir. Wutar ta tsaya cak, ko motsi ba ta yi. Mutane suka cire huluna da auduga suka baje a kujeru suna nishin daɗi.

Obrad ya ga tiren kofuna a kan teburi. Ya ɗauka zai fara zagayawa.

"Ajiye, Obrad," in ji mahaifinsa.

"Baba, taimako kawai zan..."

"Mai gida zai kawo maka. Zauna."

Ya nuna masa wata kujera a lungu, mai launin ƙasa, mai furanni, hannunta ya ƙoƙe, an rufa mata saƙar farin zare a inda kai ke jingina. Irin wadda Obrad ya yi shekara yana zagi. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi ƙanensa da ke tsaye da tire yana kauda ido don kada su haɗa. Ya ji kunya da baƙin ciki sun haɗu sun danne masa kafaɗu, ya zauna a gaban kowa.

Stanoje ya zo ya sunkuya ya miƙa masa kofi. "Sannu da zuwa, Yaya."

Obrad ya karɓa, ya jingina. Kuma abin da har yau bai yafe wa Stanoje ba shi ne, kujerar nan tana da daɗin zama.